Gwaggo Mairama a Cikin Littafin Jikarta

Duk wanda ya taɓa sayen fura a kasuwar Wurno ya san Gwaggo Mairama, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ke zama gindin dogonyaro kusa da masu albasa, wadda in ka ce ta ƙara maka nono sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kai kat tatso?" sannan ta ƙara. Yayar babana ce, gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta. Ni kuma sunana Safara'u, Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata nan cikin gari. Na faɗi aikina tun yanzu ne don da bakina anka cuce ta, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A wata ruga kusa da Gandi anka haife ta. In ka tambaye ta shekara sai ta ce shekarar da fara ta cinye gero, kai ka je ka nemo. Anka yi mata aure a Maikujera, gidan Baffa Almustapha, mutum mai shanu da 'yar gonar dawa, wanda ba ya son yawan magana. Ta haifi bakwai, huɗu sunka rayu. Na farinsu shi ne Hamidu.

To, mu nan kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in an yaye shi kuma a kai shi wurin kakanni. Kunya ce, kuma ba wanda ke buƙatar a yi mishi bayani. Sai dai ita Gwaggo ta fi kowa riƙon abin. "Wancan" take ce da shi. Duk wani Hamidu na duniya ma ba ta kiran sunansa, "Mai-suna" take cewa, har wani mai sayar da albasa kusa da ita ya haƙura ya amsa, yanzu rabin kasuwa ba su san mishi wani suna ba. Amma ka ji ta da Ɗahiru, ɗanta na biyu, wanda ke kiwo can Kagara wajen madatsar ruwan Goronyo yana aiko mata da nono. Tun daga zaure take kwaɗa mishi kira, ta zage shi, ta ja mishi kunne, da furfurarsa da komai.

Hamidu ya tashi a Gandi hannun kakarsa. Allah ya ba shi kai, ya yi firamare da sakandare a Rabah, ya wuce Sakkwato ya karanta likitancin dabbobi, daga nan ya samu tafiya Ingila ƙaro karatu. Shekara biyu anka ce. Yau shekara talatin da wani abu, can ya yi aure, can ya haifi 'yarsa Nafisa.

Kowace Juma'a da la'asar yana kira, kuma wayata yake kira. Gwaggo ba ta taɓa karɓa. Sai ta ɗauko ƙwarya ta zauna kusa da ni, ta juya baya, ta yi kamar tsintar gero take, alhali kunnenta duk yana wurin. Can sai ta ce, "Tambayi wancan, suna cin abu mai zahi can?" Yana jinta sarai, amma sai na maimaita, shi kuma ya ba ni amsa in mayar mata. Duk wanda ta ji zai tafi ƙasar sai ta haɗa man shanu da kuka da daddawa ta ce a kai, wai sun yi mata yawa za su lalace. Ƙarya take, wata uku take tara man nan, ko mu 'yan gida ba ta bari mu taɓa.

Damina biyu da sunka wuce Nafisa ta zo, ita kaɗai, karonta na farko. Shekararta ashirin da shida, Hausarta kuma sai dai a yi haƙuri, ina wuni da lafiya lau, shi ke nan. Wayyo, ku zo ku ga Gwaggo! Tsakanin kaka da jika ai babu kunya, duk abin da ta danne shekara da shekaru sai ta juye shi kan yarinyar nan. Ta ba ta gadonta ta koma tabarma. Ta yanka mata kaza har uku. Ta yi mata kitso irin na Fulani tana tsokanarta, wai gashin ubanta ta ɗauko amma hancin nan ba nasu ba ne, a bincika. "Baturiyar Gandi" take kiranta. Ta kai ta kasuwa ta zaunar da ita gefen ƙwarya don kowa ya gani.

Nafisa ta ce tana son ta ɗauki muryar kakarta a waya, don ta riƙa ji in ta koma. Gwaggo ta ce ta ɗauka, murya ai ba ta ƙarewa. Ni ce tafinta. Kullum bayan na dawo makaranta sai mu zauna tsakar gida, Nafisa ta yi tambaya da Turanci, in mayar Hausa, Gwaggo ta ba da amsa, in mayar Turanci. Ta ba ta labarin ruga, da tashi da shanu, da yadda ake gane saniyar da za ta yi nono tun tana maraƙa. Wata rana Nafisa ta ce babanta ya taɓa gaya mata ya yi wani ciwo yana ƙarami har ya kusa mutuwa. Gwaggo ta sunkuyar da kai ta yi 'yar dariya, sannan ta faɗi abin da ko babana bai taɓa ji daga bakinta ba.

Hamidu yana shekara huɗu, baƙon dauro ya shiga rugar Gandi. Labari ya ishe ta a Maikujera cewa yara biyu sun rasu, kuma nata na kwance. Tana da cikin Ɗahiru wata bakwai. Ta ina za ta buɗe baki ta ce wa mijinta za ta je ganin ɗan fari? Sai ta ce kanwar shanu ta ƙare, za ta je ta karɓo wurin innarta. Buhun kanwa na nan jingine bayan bukka, yana gani, tana gani. Baffa Almustapha ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta fita bayan asuba, da ƙafa, da ciki, ba ta isa ba sai la'asar sakaliya. Ta tsaya bayan zana ta yi sallama. Innarta ta fito, ta ce mata kanwa take so. Tsohuwa ta ɗebo mata, ta ce, kamar da wata take, "Yaron ga ya sha kunu yau." Nan Gwaggo ta ji tarinsa daga cikin bukka. Ta ce tarin mai ƙarfi ne, ba na mai tafiya ba. Ta ɗaure kanwarta ta juyo. Ƙafafunta sunka kumbura, sai da ta yi mako ba ta iya sa takalmi.

Nafisa ta ce, "Kin shiga kin gan shi?"

Na fassara. Gwaggo ta zaro ido. "Ni? In shiga? Gaban innata?"

"Ba ki ɗauke shi ba?"

"Subhanallahi! Wagga yarinya mi taka nuhi da ni?"

Na mayar da komai Turanci, kalma da kalma. Buhun kanwar da ke bayan bukka ma na faɗa, wallahi na faɗa, da cikin, da kumburin ƙafa. Na ga idon Nafisa ya ciko da hawaye, na ce a raina ta gane. Ban ƙara ko kalma guda ta bayani ba, don ban taɓa tunanin akwai ɗan Adam da zai ji wanga labari ya ga wani abu ban da ƙauna. Nafisa ta yi mako uku ta koma, Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta fita kasuwa ba.

Bara sai ga saƙo, Nafisa ta rubuta littafi, ƙagaggen labari da Turanci, har an buga, kuma ta aiko mini da kwafi goma. A makaranta ina da ƙungiyar karatu, kowane zango ina zaɓa wa 'yan matan littattafan da za su karanta. Wannan karon na haɗa musu waɗanda ke magana kan mutanen da sunka bar gida sunka zauna ƙasar wasu, da yadda suke kwashewa da 'ya'yan da sunka haifa can. Akwai na wani mai fataucin goro a zangon Kumasi da ɗansa ya ƙi gadon sana'a. Akwai na iyalin da sunka tashi hajji da ƙafa sunka maƙale a Sudan, jikokinsu ba su jin Hausa. Akwai wasu biyu, duk na karanta su, na san abin da ke ciki. Na Nafisa ya iso ina tsakiyar makin jarrabawa, ko buɗe shi ban yi ba. Don tsabar rawar kai na sa shi a saman jerin. Na tsaya gaban aji ina washe baki na ce, wannan 'yar ɗan'uwana ce ta rubuta, gidanmu ta zauna, kakarta ma kun santa, ita ce mai fura gindin dogonyaro. Na raba musu kwafi tara, na ce in wata ta gama ta miƙa wa wata.

Bayan mako biyu wata ɗaliba, Rahinatu, yarinya mai kai, ta ishe ni ofishin malamai. Ta ajiye littafin kan tebur ta ƙi kallona. Ta ce, "Malama, kin karanta shi kuwa?" Na ce mi ya faru. Ta ce gara dai in karanta.

Ban tashi daga kujerar nan ba sai da na kai ƙarshe. Sunan littafin, in an mayar da shi Hausa, Matar da Ta Zo Neman Kanwa. Labarin wata yarinya ce da anka haifa Ingila, babanta bai iya rungumarta, bai iya ce mata yana sonta, sai ta tafi ƙauyensu ta nemo dalili. Ta ishe kakarta, doguwar tsohuwa mai sayar da fura, wadda ta ba da ɗanta tun yana shan nono, ba ta taɓa kiran sunansa ba, tana wasa da ƙaninsa a gabansa. A tsakiyar littafin ga babin nan. Yaro na kwance yana jin muryar uwarsa bayan zana, yana jira ta shigo, ita kuwa gishirin shanu ta zo nema, ta karɓa ta yi tafiyarta. Babu cikin wata bakwai. Babu tafiyar wuni guda. Babu buhun da ke bayan bukka. Kazar da anka yanka mata da gadon da anka ba ta suna ciki, amma wai duk don a rufe mata baki ne. Kuma an iya rubutun, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ni kaina sai da na ji na tsani tsohuwar cikin littafin. A shafi na ƙarshe ta yi godiya ga mahaifinta, wanda ya karanta kowane shafi ya ce haka anka yi.

Kafin in tattara kwafin nan magana ta riga ta fita. 'Yan mata sun ba iyayensu labari. Ba wai matan Wurno sun zargi Gwaggo ba, su ma haka sunka yi da nasu 'ya'yan fari. Dariya sunka yi, wasu da tausayi, wasu da mugunta. Wata ta tsaya sayen fura ta ce, "Mairama, ashe ɗanki ya kai ƙararki Ingila?" Ran nan tun kafin azahar ta dawo gida da furarta ba ta sayar ba. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Safara'u, ɗauko takardar ga ki karanta min. Kada ki tsallake komi."

Yamma huɗu munka yi. Ina karantawa ina mayarwa Hausa, tana ɓarar gyaɗa. Ba ta katse ni ba sai sau guda, inda anka ce saniyar innarta baƙa ce, ta ce ja ta. Da munka gama babin kanwa ta ɗaga kai.

"Ƙahwahuna fa?"

"Babu, Gwaggo."

"Cikin fa? Ba ki gaya mata ba?"

"Na gaya mata."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Yarinya ta. Can anka haihe ta, ba ta shina ba. In wancan ya gani shi zai gyara mata." Ta faɗe shi hankali kwance, har da ɗan murmushi, kamar ta ga ranar da za a kira a ba ta haƙuri. Ni kuwa shafin ƙarshe na hannuna. Na rufe littafin na ce ya ƙare.

Washegari daga makaranta na kira Hamidu, ban ko gaishe shi ba. Na ce, "Yaya, kai ma Bature ka zama? A Gandi ka tashi ko a Landan? Ba ka san mi ake nufi da ɗan fari ba?"

Ya ce, "Na sani, Safara'u."

"Ka san tana da ciki ranar? Ka san da kanwa a gida?"

"Na sani. Kakata ta gaya mini tun ina yaro."

"To mi ya hana ka faɗa wa 'yarka?"

Ya ce shi ne ya kwanta cikin bukkar nan, shi ya ji muryarta, kuma yaro ɗan shekara huɗu bai san wata al'ada ba, jira kawai ya yi. Na ji wannan, har jikina ya ɗan yi sanyi. Da nan ya tsaya da na yi mishi uzuri. Sai ya ƙara da cewa Nafisa ta rubuta babin da cikin da tafiyar da farko, masu buga littafin sunka ce ya fi ƙarfi in an cire, ta tambaye shi, shi kuma ya ce ta cire, ai labari ne kawai, kuma Inna ba ta karatu. Inna ba ta karatu! Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai sa babana ya kore ni gida.

Kwana biyu ina kauce mata. Ran na uku ina wanke-wanke ta tsaya kaina. "Safara'u, wancan ya ga takardar?" Gwaggo ce ta yi mini wankan jego, ba zan iya yi mata ƙarya ido da ido ba. Na tsame hannuna na ɗauko littafin na karanta mata shafin ƙarshe. Ta ce in sake. Na sake.

"Shi yac ce haka anka yi?"

"Shi."

"Da bakinai?"

Na ce e, har na yi magana da shi, kuma na gaya mata abin da ya ce, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, don Gwaggo in ta tashi faɗa har maƙwabta rufe ƙofa suke. Ba ta yi ko guda ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da anka riga anka share.

Ran Juma'a da la'asar waya ta yi ƙara, kiran da ake ganin fuska. Hamidu ne, Nafisa na gefensa, da alama ya jawo ta ne su lallaba abin. Na dubi inda Gwaggo ke zama ta juya baya, ba ta nan. Tana tsaye gabana da hannu a miƙe. Shekarata goma sha biyu ina riƙe mata wayar nan, ba ta taɓa karɓa ba. Na ba ta. Ta ɗaga ta daidai fuskarta, ta dube shi cikin ido, ta saki fuska.

"Hamidu! Ina wuni? Ina gajiya? Ya aiki, Hamidu, ya sanyi? Iyali duk lahiya?"

Nafisa ta yi ƙara, ta rungume uban tana kuka tana dariya. Da Turanci take ta cewa ta faɗa, Baba, ta faɗi sunanka, ka ji ta? Tana ganin littafinta ne ya yi aiki. Shi kuwa Hamidu na ga yadda fuskarsa ta sauya, don shi a Gandi ya tashi. Ni da shi mun san uwa ba ta yi wa ɗan farinta wannan gaisuwa. Gaisuwar da ake yi wa ɗan maƙwabta ce, ko wanda ya zo sayen nono. Shekara hamsin da tara tana jin kunyarsa, yau ta daina.

Ya ce, "Inna."

Ta ce, "Madalla, madalla. A gaida mutanen gida."

"Inna, don Allah. Ki mayar wa Safara'u wayar, ki juya. Inna."

Ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Karɓi, Safara'u, baƙonku na magana." Ta shige ɗakinta ta saki labule, shi kuma yana ta kiran Inna a tafin hannuna.